Amsa: Me ya sa masoyi ba ya samun karɓuwa a tsofaffin waƙoƙin fadar Ingila?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a waƙoƙin nan kullum masoyi ke kuka, mace ko kallo bai ishe ta ba. Tsarin waƙar ne haka. Mawaƙan Ingila sun gaje shi daga mawaƙan kudancin Faransa na ƙarni na 12: mace ce uwargijiya, shi kuma bara, haƙurinsa ne shaidar sonsa.

Amma kada ka ɗauka duk al'ada ce kawai. Da na karanta Confessio Amantis, doguwar waƙar da mawaƙin Ingila John Gower ya rubuta wajajen 1390, ƙarshenta ya taɓa ni ƙwarai. Venus, allahiyar soyayya a wajen Romawa, ta miƙa wa masoyin madubi, ya ga furfura da fuskar da ta yamutse, sannan ya gane tsufa ya riga ya raba shi da macen da yake so.