Inkubeta mai girgiza tana ƙara kullum da azahar: ta lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gombe, ina renon yis a inkubeta mai girgiza, wato na'urar ɗakin gwaje-gwaje da ke riƙe zafin da aka saita tana girgiza kwalabe. Na saita ta a digiri 30. Da safe lafiya lau, amma da azahar sai ƙararrawa ta kama ƙara, allo ya nuna 36. Ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da wuya a ce lalacewa ce. Ki fara duba takardar na'urar, ko tana da injin sanyaya irin na firji. Yawancin waɗanda ake saye ba su da shi, ɗumamawa kawai suka iya, kuma mafi ƙarancin zafin da suke iya riƙewa shi ne kamar digiri 5 sama da zafin ɗakin. Motar da ke girgiza kwalaben ma tana ƙara nata ɗumin. To a bazarar Gombe, watan Maris da Afrilu, ɗakin da ba sanyi ya kai 31 da rana ba abin mamaki ba ne. Ki ƙara 5, ga 36 ɗinki nan. Mai renon ƙwayar bakteriya E. coli a 37 zai iya tsira a ɗakin, ke mai 30 ba za ki tsira ba. Ko dai a sanyaya ɗakin zuwa 25 ko ƙasa, ko ki nemi na'ura mai sanyaya.

Lambobi biyu ne a allon. SV abin da kika saita ne, PV kuwa zafin da ke ciki yanzu. Ƙararrawar tana tashi ne idan tazararsu ta wuce iyakar da aka ba ta. Na sha ganin ɗalibai suna danna maɓallin yin shiru su koma hira, wasu har su faɗaɗa iyakar don su huta. Kunne ya huta, amma yis ɗin yana nan a 36, sakamakon ranar kuma ba zai yi daidai da na jiya ba.

Wasu na'urorin suna da wani maɓalli daban na kariya, mai yanke wutar ɗumamawa idan zafi ya ƙetare. A sa shi digiri kaɗan sama da SV. In kika sa shi daidai da SV, zai yi ta yankewa ba dalili.

Ki janye na'urar daga bango da taga, ki share ƙurar hunturu da ta toshe kafofin iska. Sannan ki sa ma'aunin zafi a kwalbar ruwa a ciki, ki bar shi awa biyu, ki gwada da PV.

Wani abu kuma: in aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, ki je ki duba da idonki. Ba kowace ce take ci gaba da girgiza da kanta ba.