Amsa ga likitan da ke son kula da 'yan mazan jiya a Amurka

Salamu alaikum ƙanenmu Dakta. Ka ce ka gama karatun likita a Zariya, ka yi bautar ƙasa, burinka ka zama likitan jijiya da ƙwaƙwalwa a asibitocin 'yan mazan jiya na Amurka. Tambayarka ita ce ta ina ake shiga, kuma me ake yi a ciki.

Ba ta ƙofar asibitin nasu ake fara shiga ba. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, wadda kowa ke ce wa VA, tana da manyan asibitoci wajen 170, da mutum kusan miliyan 9 a rajistarta, amma ƙwararren da ya riga ya gama horo take nema. Hanyar da aka saba bi ita ce ka yi horon ƙwarewa a Amurka tun daga tushe, ko da ka yi nisa a naka na gida. A Najeriya sai ka bi ta sashen cututtukan manya kafin ka karkata zuwa jijiya. A Amurka kai tsaye ne: shekara 4, ta farko akasarinta a cututtukan manya, ukun a jijiya, sannan jarrabawar ABPN, hukumar da ke tantance likitocin jijiya da na halayya.

Kafin nan sai ka samu takardar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka. Ka duba sunan makarantarku a kundin makarantun likitanci na duniya, ka ci USMLE, jarrabawar lasisin likita ta Amurka, mataki na 1 da na 2, ka ci jarrabawar Turancin asibiti ta OET. Tun Janairun 2022 mataki na 1 ba shi da maki, ci ne ko faɗuwa, saboda haka makin mataki na 2 ake zuba wa ido. Kada ka shiga jarrabawa don gwada sa'a, domin faɗuwa ko sau ɗaya ce tana nan a takardarka, duk asibitin da ka nema zai gani. A Satumba ake tura takardun nema, a yi ganawa har zuwa Janairu, a Maris a san wanda ya samu gurbi, a kama aiki a Yuli. Asibitoci da yawa kuma suna zubar da takardun wanda ya daɗe da gama makaranta.

Biza ce babban ƙalubale. Yawancin likitocin waje da J-1 suke horo, wadda sai Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja ta rubuta cewa ƙasa na bukatar ƙwarewar, kuma sharaɗinta ka koma gida shekara 2 bayan ka gama. Ana iya ɗage sharaɗin idan ka yarda ka yi shekara 3 inda ake ƙarancin likitoci, ko ta shirin Conrad 30 da ke ba kowace jiha gurbi 30 a shekara, ko VA da kanta ta nema maka. Sai dai doka ta ce ɗan ƙasa ne a gaba. Ba a ɗaukar baƙo sai an nemi Ba'amurke an rasa. Shi ya sa ƙofar ta fi buɗuwa a ƙananan garuruwa, ba a Boston ko San Francisco ba. Ka kuma sani cewa a Disambar 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita wa 'yan Najeriya wasu bizoji, har da ta J, ta kuma rufe wa 'yan Nijar ƙofa. Irin wannan umarni yana sauyawa, to ka tabbatar da halin da ake ciki kafin ka kashe ko dala ɗaya a jarrabawa.

Shi aikin kansa, kada ka zaci harsashi za ka wuni kana gani. Mafi yawan masu zuwa dattawa ne na zamanin yaƙin Biyetnam, da shanyewar ɓarin jiki, da mantuwa, da ciwon Parkinson, da mutuwar jijiyoyin ƙafa saboda ciwon suga ko giya. Matasan Iraƙi da Afganistan su ne masu buguwar ƙwaƙwalwa daga bam ɗin gefen hanya, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na buguwar mai sauƙi ce. Hoton MRI ya fito lafiya ƙalau, mutum kuwa yana fama da ciwon kai, da ƙara a kunne, da rashin barci, da saurin fushi. A nan sabon likita ke yin kuskure, ya ɗora komai a kan bam ɗin. Sau tari abu uku ne suka cuɗe: firgicin bayan yaƙi, da ɗaukewar numfashi cikin barci, da yawan shan maganin ciwon kai. Ka sa ya ƙirga maka kwanaki. Wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 a wata, ko triptan (maganin ciwon ɓarin kai) da dangin kodin kwana 10, maganin ne da kansa ke riƙe masa ciwon, kuma sai an yi ƙoƙarin janye shi. Ka tura shi awon barci tukuna kafin ka ce ƙwaƙwalwarsa ta lalace.

Farfaɗiya ta fi kowanne wahalar rarrabewa. Cikin waɗanda ake kwantarwa don a haɗa awon EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwa, da bidiyo na kwanaki, wajen kashi ɗaya cikin huɗu faɗuwarsu ba ta wutar ƙwaƙwalwa ba ce, daga damuwa take tasowa, kuma wasu sun shekara biyar suna haɗiyar magungunan da ba su yi musu komai. Yadda za ka faɗa masa shi ne rabin maganin. Idan ya fahimci kana nufin ƙarya yake yi, ya tafi ke nan. Ka nuna masa cewa faɗuwar gaskiya ce, tana da suna, tana da magani a wajen likitan halayya, sannan ka rage magungunan a hankali. Mai farfaɗiya ta ainihi kuma, ka yi hattara da maganin levetiracetam. Yana da sauƙin rubutawa, amma yana ƙara zafin rai, ga mutumin da dama a wuya yake. Topiramate yana taimakon ciwon kai, yana kuma dusashe tunani, har ka ɗauka buguwar ce ta tsananta.

Akwai tambayar da ba a koya mana yi wa majinyaci a gida ba: a ina ka yi aiki, a wace shekara? Amsarta kuɗi ce ga iyalinsa. Tun 2010 duk wanda ya shaƙi Agent Orange, maganin kashe ciyawa da aka fesa a Biyetnam, idan ya kamu da Parkinson ana ɗauka aikin soja ne sila, ba sai ya kawo hujja ba. Haka wanda ya yi kwana 30 a barikin Camp Lejeune tsakanin 1953 da 1987, lokacin da ruwan sha ya gurɓata. Ciwon ALS, mai kashe jijiyoyin motsi, tun 2008 ake lissafa shi ga duk wanda ya yi kwana 90 a jere a bakin aiki. Dokar PACT ta 2022 ta shigo da kansar ƙwaƙwalwa ga waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara. Idan ka rubuta “karkarwa” kawai alhali ka tabbatar Parkinson ce, ka jinkirta wa mutum haƙƙinsa. Kuma ka saba da tambayar ko akwai bindiga a gida da yadda ake kulle ta, domin wajen kashi 70 na tsofaffin sojojin da ke kashe kansu da ita suke yi. Lambar gaggawarsu 988 ce, sai a danna 1.

Albashin VA yawanci bai kai na asibitocin kuɗi ba, aikin takarda kuma da yawa. A madadin haka, lasisin jiha ɗaya ya ishe ka aiki a kowane asibitinsu, gwamnati ce ke tsayawa idan an kai ƙarar kuskuren aiki, kuma ba ka fafatawa da kamfanin inshora a kan kowane gwaji. Idan ka samu damar zaɓe, ka fifita asibitin koyarwa mai haɗin gwiwa da VA, don a nan masu ɗaukar aikin za su san ka tun kana horo. Manyan cibiyoyin VA na masu raunuka da yawa biyar ne: Minneapolis, Palo Alto, Richmond, San Antonio da Tampa.

In kuma ta kama dole ka koma gida shekara biyun nan, sojojin da bam ya buga a Borno da Yobe irin wannan ciwon kai da farfaɗiyar suke kawowa asibitin soja na 44 a Kaduna. Ka ƙara shekara ɗaya a Amurka ka ƙware a karatun EEG da awon jijiya kafin ka taso. Allah Ya ba da sa'a.