Giram 250 na suga kofi nawa ne?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce za ki yi cincin an rubuta miki suga giram 250 kuma ba ki da sikeli, to ba damuwa, kofi ɗaya da kwata ne, amma fa kofin awo nake nufi mai mililita 240, ba kofin shayin maigida ba. Shi wannan kofin in kin cika shi da suga mai tsaba kin shafe bakinsa da wuƙa ba tozo, kusan giram 200 yake ɗauka. Babban cokalin awo giram 12 da ɗan ɗoriya, ƙaramin kuma giram 4.

Inda mutane ke kwafsawa shi ne su ɗauka komai nauyinsa ɗaya a kofi. Fulawa a kofin nan giram 120 zuwa 125 ce kawai, haka ma sugan aisin da ake kwalliyar kek, duk da suga ne shi ma bai wuce 120 ba saboda laushinsa iska ta yi masa yawa, kin ga in kika auna shi da lissafin mai tsaba an samu matsala.

Gwangwanin madara kam ni ban cika yarda da shi ba don girmansu ba ɗaya ba ne. In shi kika saba, ki cika shi ki kai wa mai shago ya ɗora miki a sikeli sau ɗaya, ya cire nauyin gwangwanin, ki rubuta ki liƙa a kicin. Kuma da damina ki fara murje sugan in ya dunƙule kafin ki auna.