Amsa ga tambayarka kan garin maganin da ake zuba wa 'ya'yan alade a abinci

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ba ma zuba garin tetarasaikilin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, a abincin 'ya'yan aladen da muka yaye, alhali wasu masu kiwo suna zubawa kullum, kuma nasu suna riga namu cika ido kafin a kai su kasuwar Kafanchan. Abin da idonka ya gani gaskiya ne. Tun wajen 1950 masu bincike a Amurka suka lura cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko kaɗan ne aka sa a abinci, yana sa kaji da aladu saurin girma.

Sai dai ina so ka san inda ƙibar take fitowa. Ranar da aka raba ɗan alade da nonon uwarsa, cikinsa bai iya fitar da isasshen tsami ba tukuna, ga shi an ɗora masa masara da waken soya, ga firgicin sabon ɗaki. Abincin da bai narke ba sai ya wuce cikin hanji ya zama kiwon ƙwayar da ake kira E. coli, daga nan zawo ya biyo baya. Garin maganin yana danne wannan ƙwayar, shi ya sa dabbar take ci tana ƙaruwa. Amfaninsa ya fi bayyana a ɗakin da yake da ƙazanta da cunkoso; inda ake da tsabta, bambancin ɗan kaɗan ne.

Matsalar ita ce magani kaɗan-kaɗan a kullum ba ya kashe ƙwayoyin hanji duka. Masu rauni su mutu, masu jurewa su sami fili su hayayyafa, har su riƙa miƙa wa wasu ƙwayoyin da ba danginsu ba wannan juriyar. Na taɓa asarar rabin garke a shekarun da nake zubawa, domin da ciwo na gaske ya shigo, allurar da muka saba da ita ba ta yi komai ba. Kuma ƙwayoyin ba sa tsayawa a cikin alade. Suna bin kashi zuwa takin da ake kai wa lambu, suna bin ruwa, suna manne a hannunka kai mai shara. A 2015 aka gano a ƙasar Sin cewa E. coli ta cikin aladu ta bijire wa kolistin, maganin da likitoci ke ajiye wa mutumin da sauran magunguna suka gaza a kansa, kuma a 2017 ƙasar ta hana sa shi a abinci don ƙiba. Suwidin ta yi irin wannan hani tun 1986, Tarayyar Turai kuma a 2006.

Kada ka ɗauka sinadarin zink ko na jan ƙarfe mafita ne don kawai ba magani sunansu ba. Zink mai yawa yana tsayar da zawon yaye ƙwarai, amma ƙwayar da ta jure masa sau da yawa ita ce mai jure wa magani, kuma yana taruwa a ƙasar noma. Tarayyar Turai ta hana ba da shi da yawa haka tun 2022.

Ba zan ɓoye maka ba, barin garin nan yana da wahala. Da Denmak ta daina ba wa 'ya'yan yaye, zawo ya ƙaru a farko, sai da masu kiwo suka gyara tsarin aikinsu. Shi ya sa nake matsa maka ka tabbata kowane ɗa ya sha dakashi a ranar da aka haife shi, ka fara sa musu ɗan abinci tun suna shan nono, kada a yaye su kafin mako 4, kuma a rage waken soya a makon farko. Ɗakin yaye a wanke shi ya bushe kafin su shiga, a toshe kafar iska lokacin hunturu. Wanda ya kamu da zawo ka ware shi, ka ba shi ruwan gishiri da sukari, ka kira likitan dabbobi. Idan ya rubuta magani, a ba da cikakken awo har kwanakin su cika. In zawon ya ƙi ji, za mu aika samfur cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a gwada a ga maganin da har yanzu yake kama ƙwayar.