Tambaya da Amsa: Neman Kayan Gyaran Peugeot 404

Tambaya: Na gaji Peugeot 404 daga mahaifina, ta daɗe a ajiye a Zariya. Duk shagon da na je sai su ce in sa mata kayan 504, ai duk ɗaya ne. Haka ne?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, ba ɗaya ba ne. Abin da ya sa suke faɗar haka shi ne kayan 504 ne a hannunsu, tunda an shafe kusan shekara 30 ana harhaɗa ta a Kaduna, inda kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara aiki a 1975. Ita kuwa 404 ta fito a 1960, kuma a 1975 ɗin aka daina ƙera ƙaramar motar, wato salun, a Faransa. Injinta 1618 cc ne, na 504 kuma 1796 ko 1971. Dangi ne, wasu ƙananan abubuwa kan shiga, amma ba komai ne ya zo ɗaya ba.

Ko a tsakanin 404 ɗin ma akwai bambanci. A 1964 aka ƙara wa karanshaf mazauni daga uku zuwa biyar, sannan a ƙarshen shekarun 1960 aka sauya birkin gaba daga na ganga zuwa na faifai. Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, buɗe bonet, ka goge ɗan allon ƙarfen da aka buga lambar motar a kai, ka ɗauki hotonsa, ka ɗauki na lambar inji. Da waɗannan za ka yi ciniki. Duk abin da bakanike ya kwance kuma, riƙe shi a hannu ka tafi da shi kasuwa, a ɗora tsoho kan sabo, a ƙirga ramukan noti, a gwada tsawo.

Inda na fi jin tsoro shi ne aksul na baya. Yawancin ƙananan 404 suna da wani irin giya mai kama da dunƙulen sukuru, yana juya faifan tagulla. Man giya na yau da kullum yana da sinadarin da ke cin tagullar nan a hankali, sai ka ji ƙugi ya fara, alhali samun wani faifan ba ƙaramin aiki ba ne. Kada ka bari yaron gareji ya zuba abin da ya ga dama. Nemi tsohon bakanike wanda ya yi zamanin motar, ya buɗe ya gani tukuna.

Wajen nema, fara da Panteka a Kaduna da Kofar Ruwa a Kano, ka tambayi dattawan masu kwance tsofaffin motoci. In abin ya gagara, gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux a Faransa yana da sashen sayar da kayan tsofaffin motocinsu, kuma akwai masu sayarwa ta intanet a Ajantina, don can ma an ƙera 404.

Tambaya: Wanne ya fi, sabon kaya ko na kwance?

Amsa: Ya danganta da abin, Hajiya. Ƙarfe irin su giyabos, kafireta da ƙofa, na asali da aka kwanto ya fi, ko da sai an wanke an gyara. Amma duk abin roba, wato tiyon lagireto, robar birki da bel, sabo za ki saya. Roba tana tsufa ko a cikin kwali take; ki lanƙwasa ta a gaban mai shago, in kin ga tsaga ki ajiye masa abinsa. Kuma ki ce wa bakanikenki ya dawo miki da tsohuwar kafiretar Solex, kada ta bi 'yan gwangwan, domin sau da yawa wanki da sabon gasket kawai take buƙata.