Ina 7x ya shiga a x² − 49?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar aji ɗaya ce a babbar sakandare, daga wani ƙauye kusa da Ringim. An ba mu x² − 49, aka ce amsarsa (x − 7)(x + 7). Na haddace, amma raina bai kwanta ba. In an buɗe bakan ai 7x zai fito, to ina ya shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Bai ɓace ba, sau biyu ya fito ya cinye kansa. Buɗe ki gani: x sau x ya ba da x², x sau 7 ya ba da +7x, −7 sau x ya ba da −7x, −7 sau 7 kuwa −49. Tamkar ki ci ribar naira ɗari ne ana bin ki bashin ɗari, hannunki wayam. Sai a bar ki da x² − 49.

Amma na fi son ki gan shi a ƙasa. Ɗauki tsinke ki zana fili murabba'i, taku 10 tsawo, taku 10 faɗi, wato 100. A kusurwa guda ki ware taku 3 da 3 na rumbu, 9 kenan. Saura 91, sai dai filin ya zama mai lungu. Yanke shi gida biyu, babba mai 10 da 7, ƙarami mai 7 da 3. Juya ƙaramin ki manna a gefen babban inda 7 ya dace da 7. Kin samu fili mai 13 da 7, kuma 13 sau 7 shi ne 91 ɗin nan. Daga ina 13 da 7 suka zo? Ai 10 + 3 ne da 10 − 3. Dokar kenan: a² − b² = (a + b)(a − b).

Har a kasuwa tana aiki. In aka ce 23 sau 17, duba tsakiyarsu, 20, kowanne tazarar 3 ce tsakaninsa da ita. Sai ki ce 20 sau 20, 400, a ɗebe 3 sau 3, 9, saura 391, ba ki taɓa biro ba.

Inda yara ke tuntuɓe a WAEC da NECO shi ne alamar tsakiya. Dole ta zama ta ɗebewa. x² + 49 ba ya fasuwa haka, kar ki tilasta masa. Wani lokaci kuma murabba'in a ɓoye yake: 4x² − 25 ai (2x)² − 5² ne, amsa (2x − 5)(2x + 5). A 2x² − 18 fara fitar da 2, sai x² − 9 ya bayyana. Shi kuwa x⁴ − 16 sau biyu ake fasa shi, domin bayan kin samu (x² + 4)(x² − 4), na biyun zai sake rabuwa (x − 2)(x + 2). Gwada 9y² − 64 da kanki, sannan ki buɗe bakan ki ga ko na tsakiyar sun cinye juna.