Filin Tambaya da Amsa: Kare ɗan wata goma da fitar farko zuwa harbin fezan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Minesota ta Amurka, kuma abokan aikina sun gayyace ni farautar tsuntsun fezan a Dakota ta Kudu cikin watan Oktoba. Ina da kare ɗan Labrado mai wata goma, wanda yake zuwa idan na kira shi, yake kuma ɗauko abin da na jefa masa, amma bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Wane kaya zan tanada, kuma ya dace in tafi da shi bana? Mai karatu daga Miniyapolis.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ga masu karatun da ba su san tsuntsun ba, fezan dangin makwarwa ne, sai dai ya fi ta girma, kuma namijin yana da doguwar wutsiya, da jan fuska, da farin zobe a wuya. Asalinsa daga Asiya yake, an kai shi jihar Oregon daga Sin a farkon shekarun 1880, ya kuma yaɗu har Dakota ta Kudu ta mayar da shi tsuntsun jiha a 1943.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar bindiga. Karen da ya fara jin harbi a ranar buɗe farauta, lokacin da mutum biyar ko shida za su sakar wa tsuntsu ɗaya wuta a bisa kansa, yana iya firgita firgitar da ba ta barinsa har tsufa, kuma cire masa wannan tsoro ya fi wuya a kan hana shi shiga tun farko, nesa ba kusa ba. Saboda haka ka fara tun yanzu. Ka sami wani ya tsaya da ƙaramar bindiga mai harsashin ƙara kawai, nesa da ku kamar mita ɗari, ya harba daidai lokacin da karen yake tsakiyar gudu zuwa ga abin da ka jefa masa, zai fi kyau ma idan tattabara ce ko fiffiken tsuntsu. Idan bai ko waiwaya ba, sai a matso kaɗan washegari. Idan kuwa ya tsaya, ko ya maƙale wutsiya, to a koma baya, a bar harbin na kwanaki. Manufar ita ce ya haɗa ƙarar da daɗin tsuntsu a ransa, kuma wannan aikin makonni ne. In har Oktoba ta zo bai saba ba, shawarata ita ce ka bar shi a gida, ka je kai kaɗai.

Labrado kare ne mai tayar da tsuntsu, wato yana bin sansana har ya kai ga maɓoyarsa ya sa shi tashi, ba kamar karnukan da suke daskarewa su nuna wurin da hanci ba. Don haka amfaninsa yana ga zamansa kusa da kai, cikin nisan da bindiga take kaiwa, kamar mita ashirin zuwa talatin. Fezan kuwa gudu ya fi so a kan tashi, musamman cikin layukan masara, kuma yaron kare zai bi shi har ƙarshen gona, ya tayar da duk abin da yake ciki alhali kuna can baya kuna kallo. Maganin wannan shi ne doguwar igiya da usur a filin ciyawa kusa da gida, har ya riƙa juyowa da busa ɗaya. Ni a ganina ba daidai ba ne a sa masa abin wuya mai lantarki a karon farko a filin farauta. Idan za ka yi amfani da shi, to ya saba da shi a gida tukuna.

Sai lafiyar jikinsa. Mutane suna jin Oktoba sai su tuna sanyi, alhali zafi ne yake kashe karnuka a makon farko. A buɗe farautar 2003 a Dakota ta Kudu rana ta yi zafi ƙwarai, kuma karnuka da yawa sun mutu, galibinsu waɗanda suka yi wata da watanni a kwance a gida. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, kuma mai son aiki irin naka ba zai tsaya da kansa ba. Ka ɗauki ruwa a jakarka, ka ba shi kaɗan-kaɗan akai-akai, kuma da zarar ka ga harshensa ya yi faɗi ya zazzago, ko ya fara tangaɗi, ka kai shi inuwa ka jiƙa masa ciki da hammata da ruwa mai sanyi, sannan ka nemi likitan dabbobi. Kada ka bari ya sha daga tafkin da ya yi kore kamar an zuba fenti, domin irin wannan gansakuka tana da dafi mai kisa. Tunda ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, fita ta rabin awa sau biyu ko uku a yini ta ishe shi.

Kayan karen ba su da yawa: akwatin da zai zauna ciki a mota, abincin da ya saba ci, rigar kare ƙirji saboda waya mai ƙaya da take zagaye da gonaki, da takalman kare idan wurin yana da ƙarangiya (wadda take can 'yar'uwar tamu ce, kuma halinsu ɗaya a tsakanin yatsu). Ka haɗa da bandeji, da ruwan wanke ido saboda ƙwayoyin ciyawa, da filaya don cire kibiyoyin beguwa. Kafin tafiya ka kai shi wurin likita a duba allurar haukan kare da maganin kaska, ka tambayi takardun da ake bukata don ƙetare iyakar jiha, ka kuma rubuta lambar likitan da ya fi kusa da inda za ku sauka.

Game da naka kayan, bindigar tsuntsaye mai lamba 12 ko 20 (lambar faɗin bakinta) ta wadatar, da harsashin dalma mai lamba 5 ko 6 (lambar girman ƙwayoyinsa). Amma a yawancin filayen gwamnati na jihar an hana dalma, don haka ka sayi na ƙarfe mai lamba 2 ko 3, ka gwada shi kafin ranar. Ka sa hula da riga masu launin ruwan lemo mai haske ko da doka ba ta tilasta ba, da tabarau na kariya, da wando mai kauri, da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi. Ana buɗe farautar ne ranar Asabar ta uku a Oktoba, lasisin baƙo na kwana goma ne da ake iya rabawa biyar-biyar, kuma iyakar kowa fezan maza uku ne a rana. Ba a harbin mace, wadda take da launin ƙasa da gajeriyar wutsiya, kuma idan za ka ɗauko naman dole ka bar kai, ko fiffike mai gashi, ko ƙafa a jikinsa. Ka karanta littafin dokokin shekarar, domin ana yi masa gyara.

Ka riƙe wuƙa mai kaifi a aljihu, ka yi bisimilla yayin harbi, kuma tsuntsun da karen ya kawo da sauran rai ka yanka shi nan take. A ranar farko kuwa, ka roƙi abokanka su bar ku ku ware gefe da mutum ɗaya mai haƙuri, shi ya riƙe bindiga, kai ka riƙe igiya da usur, kuma kada kowa ya harbi tsuntsun da yake ƙasa ko wanda bai tashi sama da kan mutum ba.